Saɓar da Ta Maƙale a Yatsun Tsaka Mai Zanko: Yadda Na Cire Ta

A jikin gilashi na fara ganin alamar. Tsakar da ke hawa bangon akwatinta kamar tana tafiya a ƙasa, sai ga ta tana kamawa tana sulluɓowa, ƙafar baya ta dama ba ta riƙe komai. Kwana biyu kafin nan ta yi saɓa, da safe na ga jikinta ya yi fes, ratsin rawayan da ke gadon bayanta ya fito sosai, na ɗauka an gama lafiya. Da na haska tocila na duba ƙafar da kyau, yatsu uku na nan sanye da tsohuwar fata, fara-fara, busasshiya, ta ɗame su kamar safar da ta yi wa ƙafa kaɗan. Can kusa da ƙarshen jela kuma akwai wani siririn zobe na fata da ya zagaye ta.

Wannan ba irin tsakar da ke bin bangon ɗaki tana kamun ƙwari a gindin fitila ba ce. Asalinta kudancin Sabuwar Kaledoniya, tsibiran da ke Tekun Fasifik gabas da Ostireliya, ƙarƙashin Faransa. Masana na kiranta Correlophus ciliatus. Wani Bafaranshe, Alphonse Guichenot, ya fara rubuta bayaninta a 1866, daga baya aka daina ganinta har aka ɗauka irinta ya ƙare, sai a 1994 aka sake gano ta. Waɗanda ake kiwo yanzu a gidajen Turai da Amurka haihuwar gida ce. Zankon da ake kiranta da shi wasu ƴan tsinakai ne na fata masu laushi da suka taso daga saman ido kamar gashin ido, suka bi gefen kai har gadon baya. Dajin da ta fito mai ruwa ne, ba zafi mai tsanani, da dare raɓa ta jiƙe ganye, da rana iska ta ɗan busar da shi. Jikinta da wannan hawa da saukar danshi ya saba, kuma yawancin matsalar saɓa daga rasa shi take tasowa.

Idan lokacin saɓa ya zo, sabuwar fata ta riga ta gama ginuwa a ƙarƙashin tsohuwar. Jiki sai ya saki wani ɗan ruwa tsakaninsu ya raba su. A nan ne launinta ke dishewa ya koma kamar an barbaɗa mata toka, ƙafafunta su rage kamu. Da dare ta goga hanci a ɓawon itace, fatar ta tsage daga baki, ta riƙa ja da bakinta tana cinyewa har ta cire ta yatsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai kiwo kan yi wata da watanni bai ga saɓar da idonsa ba. Ƙanana masu girma da sauri kan yi duk mako ɗaya ko biyu, manya kuwa kamar sau ɗaya a wata ko ma fiye da haka. In iskar akwatin ta bushe, ruwan nan na tsakani sai ya ƙafe kafin ta gama aikin, tsohuwar fata ta manne wa sabuwa. Ta faffaɗan jiki takan fita ko ta halin ƙaƙa. Wadda ke zama ita ce ta wurare masu tsuke: yatsu, ƙarshen jela, tsakanin tsinakan zanko, gefen baki, hammata.

Haɗarin yana cikin bushewar. Fatar da ta mutu in ta bushe tsukewa take, ta zama kamar zaren da aka ɗaure yatsa da shi. Jini ya rage zuwa, yatsan ya kumbura, kumburin ya ƙara ɗame zoben. In aka bar shi har wata saɓar ta zo ta hau kansa, sai ya zama hawa biyu, hawa uku. Daga nan yatsan ya yi duhu, ya bushe, ya guntule, kuma ba ya sake fitowa. Dabbar da rayuwarta duka a kan reshe take, rasa yatsu ba ƙaramin abu ba ne gare ta, ga shi tana iya kai shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kiwo.

Kafin in taɓa ta sai da na auna akwatin. Ma'aunin danshi mai allura da ke manne a bango yana nuna kashi 70 cikin ɗari. Na sa na lantarki mai lamba a tsakiyar akwatin, daidai tsayin da take kwana, da la'asar ya nuna 38. Watan Disamba ne, na'urar ɗumama ɗaki na aiki dare da rana, akwatin kuma bai fi taku biyu daga ita ba, rufinsa duk raga ne. Feshin ruwan da ake yi wa akwatin da dare cikin awa biyu ya tsere ta sama. Masu allurar nan sukan maƙale a wuri ɗaya su yi ta nuna lamba mai daɗin gani, ban ƙara dogara da su ba.

Kayan aikin ba su da yawa: robar abinci mai murfi wadda ake ganin ciki, mai cin kamar lita biyu, tishun kicin mai kauri marar turare, tsinken auduga irin na goge kunne guda biyar ko shida, matsefata marar tsini, ma'aunin zafi, ƙaramin kofin ruwa, da tocila. Na huda murfin wuri goma da ƙusa daga ciki zuwa waje, don kaifin ramin ya fuskanci waje kada ya karce ta. Na shimfiɗa tishu hawa uku, na jiƙa shi, na tsiyaye ragowar ruwan har ya zama ko an karkata robar ba abin da ke gudana.

Zafin ruwan nan ne inda mutane suka fi yin ɓarna. Digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas ya isa. Ruwan da hannunka ya ji ɗuminsa ya riga ya wuce 30, domin fatar hannun mutum ta fi haka ɗumi, kuma wannan tsakar ba ta jure zafi ko kaɗan. Daga digiri 29 ta fara wahala, in ta daɗe sama da 30 tana iya mutuwa. Ruwan da ya dace, in ka tsoma yatsa ba za ka ji ɗumi ba, ba za ka ji sanyi ba. Duk da haka da ma'auni na auna. Kuma ba a ajiye robar a kan na'urar ɗumama ko inda rana ke faɗowa, rufaffiyar roba nan da nan take zama tukunya.

Da almuru na yi aikin, lokacin da ta fara farkawa, don tada ta da tsakar rana yana firgita ta. Na zauna a ƙasa bisa darduma, saboda tana tsalle ba tare da ta duba inda za ta sauka ba. Ba a damƙarta ta sama. Na sa hannu a gabanta, na ɗan taɓa ta ta baya, ta tako kan tafin da kanta. Dalilin wannan lallaɓawar shi ne jela. In ta tsorata ko aka riƙe jelar, sai ta yar da ita, kuma irin wannan tsakar tata ba ta sake tsirowa kamar ta tsakar gida. Za ta rayu lafiya ba jela, amma ban ga dalilin da za a je ceton ɗan zobe a dawo an rasa jela ɗungurungum ba.

Na sa ta a robar na rufe, na zauna kusa, minti 15. Cikin ƴan mintuna gumi ya rufe bangon robar, ita kuma tana takawa a kan tishun tana lasar ɗigon ruwa, wanda shi ma riba ne. In ta fara buɗe baki ko ta yi ta zabura tana bugun murfi, a fito da ita nan take. Minti 20 ne iyaka.

Da na buɗe, fatar da ke yatsun ta sauya daga fara ƙal zuwa mai ɗan haske-haske, ta yi laushi kamar ɓawon albasa da aka jiƙa. Na bar ta zaune a yatsun hannuna na hagu, ƙafar da ke da matsala na lilo a gefe. Na tsoma tsinken auduga a ruwa, na ɗora a gindin yatsa na farko, na riƙa murza tsinken a hankali yana birgima zuwa wajen farce. Mirginawa ake yi, ba a gogawa. Zaren audugar ne ke kama bakin fatar ya naɗe ta. A birgima ta huɗu fatar yatsa na farko ta zame gaba ɗaya ta fito da siffar yatsan, har ana ganin layukan ƙasan a jikinta. Ƙasan yatsan nan jere yake da faifai-faifai sirara, kowanne ɗauke da gashi ƙanana da ido ba ya gani, da su take manne wa gilashi. Shi ya sa ko ɗan ƙyallin fata ya rufe su sai kamu ya tafi, shi ya sa kuma ba a kankarar wurin da farce ko ƙarfe.

Yatsa na biyu fatar ta ɗago daga gindi amma ta tsaya a farce. A nan na danne bakin da ya ɗago tsakanin audugar da babban yatsana, ban ja ba, na jira. Ita ta janye ƙafarta, fatar ta zauna a hannuna. Wannan dabarar ta fi kowace aminci, domin ita ta san iyakar zafin da za ta ɗauka, ba za ta ja har ta yage kanta ba. Matsefata ban yi amfani da ita ba sai don ɗauke guntun da ya riga ya rabu yana reto.

Na uku ya ƙi. Shi ne yatsan gefe, ƙarami, kuma da na matso da tocila na ga fatar hawa biyu ce, ma'ana tun saɓar da ta wuce aka bar wani abu a wurin. Na murza sau biyar ko shida, bai motsa ba, ita kuma ta fara numfashi da sauri, maƙogwaronta na bugawa, jelar ta fara kaɗawa a hankali. Kaɗa jela gargaɗi ne. Na mayar da ita akwati. Gaba ɗaya riƙon bai kai minti 10 ba, kuma bai kamata ya wuce haka ba. Fatar da ta ƙi fita bayan jiƙo tana manne da mai rai ne, in aka finciko ta da sabuwar za ta taho, a buɗe ciwo a ƙafar da ke taka danshi da kashi kullum.

Washegari da almuru na maimaita: roba, minti 15, auduga. Hawan sama ya fita, na ƙasa ya rage, siririn zobe a gaɓar ƙarshe. A zaman nan na juya ga jela. Ban ɗaga ta ba, ban riƙe ta ba. Na bar tsakar ta kwanta a kan jiƙaƙƙen tishu a tafin hannuna, jelar shimfiɗe, na riƙa ɗiga ruwa a kan zoben da audugar, sannan na mirgina tsinken sau biyu zuwa ƙarshen jelar. Zoben ya tsage ta gefe ya buɗe. Ƙarshen jelar ma yana da faifan kamu irin na yatsu, da shi take naɗe reshe, saboda haka ya cancanci a duba shi kamar yatsa na ashirin da ɗaya.

Zoben yatsan sai a dare na uku ya saki. A ƙarƙashinsa akwai ɗan kwarmi da ya zagaye gaɓar, kan yatsan ya ɗan kumbura ya yi ja-ja. Jan nan alama ce mai kyau, jini na zuwa. Na kwashe shimfiɗar akwatin na sa tishu zalla na mako guda, ina sauyawa kullum, don kada datti ya shiga wurin kuma in riƙa ganin kashinta. Cikin kwana huɗu kumburin ya saɓe, ta koma hawa gilashi da ƙafafu huɗu. Da a ce yatsan ya yi baƙi, ko ya bushe kamar tsinke, ko yana ruwa, ko zoben ya nutse cikin nama har ba a ganin bakinsa, da aikin ya fita daga hannun mai kiwo ya koma na likitan dabbobi, wanda ya san masu jan ciki, don ba kowane likitan kare da kyanwa ne ya saba da su ba. Haka kuma in zama uku ko huɗu bai motsa fatar ba.

Ido ma na likita ne. Tsaka mai zanko ba ta da fatar ido da ke rufewa, wani garai-garai ɗin ɓawo ne ya rufe ƙwayar, da harshe take goge shi, kuma shi ma yana fita tare da saɓa. In ya maƙale idon zai yi hazo. Jiƙon roba na iya taimaka masa ya saki da kansa, amma auduga ko matsefata ba sa zuwa kusa da shi. Fatar da ta rage tsakanin tsinakan zanko kuwa ba ta ɗaure komai, burushin zane mai laushi da aka jiƙa yana share ta, ko a bar ta ta goge da kanta.

Akwai abubuwan da ake ba da shawara a kansu da ban yarda da su ba. Man shafawa ko man girki yana toshe gashin ƙasan yatsu, ƙasa ta manne masa, ita kuma ta lashe. Salatif yana ɗauko mai rai da matacciya tare. Tsoma ta cikin kwano mai zurfin ruwa yana firgita ta, ba dabbar iyo ba ce, ruwa na iya shiga hancinta. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanke ɗaki kuwa guba ne a jikin dabbar da nauyinta bai wuce giram 35 zuwa 55 ba.

Cire fatar rabin aiki ne, don in akwatin ya zauna yadda yake wata mai zuwa za a sake. Akwatin nan mai faɗin santimita 45 da 45 ne, tsayi 60, wanda shi ne mafi ƙanƙantar da ya dace da babba guda. Na ɗauke shi daga kusa da na'urar ɗumama, na rufe kashi biyu cikin uku na ragar sama da faifan roba, na bar sauran don iska. A ƙasa na zuba garin ɓawon kwakwa mai kaurin santimita 5, wanda ke shan ruwa ya riƙa saki a hankali. Na ƙara shuka mai faɗin ganye, da ɓawon itace mai kaushi guda biyu a jingine, domin akwatin da komai nasa santsi ne, gilashi da ganyen roba, ba ya ba ta inda za ta goga ta tsaga fatar. Sannan na yi mata ɗakin danshi: ƙwaryar kwakwa da aka huda wa ƙofa, cike da jiƙaƙƙiyar gansakuka irin wadda ake sayarwa a shagon dabbobi, an matse ta har ba ta ɗiga. Na rataye ta a sama tsakanin rassa, don ba kasafai take son kwana a ƙasa ba. Duk kwana biyu nake sake jiƙa gansakukar, in ta fara wari ko fumfuna a zubar.

Feshi yanzu sau biyu ne. Da dare bayan an kashe fitila ina fesa bango da ganye sosai, kamar daƙiƙa 30, har ma'auni ya haura 80. Da safe kaɗan. Zuwa la'asar sai ya sauko tsakanin 50 da 60, kuma wannan saukowar dole ce. Wanda ya tsorata da bushewa yakan faɗa ɗaya ramin, ya toshe raga gaba ɗaya ya yi ta feshi, akwatin ya zauna jagab dare da rana. Sai fumfuna, sai ƙuraje a ciki da ƙafafu, sai ciwon numfashi, kuma fatar da ta jiƙe kullum ita ma ba ta saɓa da kyau, gutsi-gutsi take fita. A jikin ganye ake fesawa, ba a fuskarta ba, daga ɗigon take sha. Duk da haka akwai ƙaramin kofin ruwa a kan shiryayye kusa da abinci, ana sauya shi kullum. Ruwan famfo mai kulorin ina barinsa ya kwana a buɗe, ko in sa maganin cire shi. Zafin akwatin yana tsakanin 22 da 26 da rana, da dare ya ɗan sauka. Wannan lissafin ne ya sa ba zan ba wanda ke Kano ko Zinder shawarar kiwonta ba: bazara ta kai digiri 40, hunturu ya busar da iska ƙasa da kashi 20, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ƙara busar da iskar, ga ɗaukewar wuta.

In danshi daidai yake amma saɓa na ci gaba da maƙalewa, sai a dubi kwanon abinci. Fata tana buƙatar bitamin A don ta ginu ta rabu yadda ya kamata. Tsakar da ake ciyarwa da ayaba da abincin jarirai zalla takan rasa shi, ta rasa kalshiyam ma, har ƙashinta ya yi laushi, muƙamuƙi ya kasa jan fatar. Abin da ya dace shi ne garin abincin da aka haɗa domin irin wannan tsakar, irin na kamfanin Repashy ko Pangea, awo ɗaya na gari da awo biyu na ruwa, a dama ya yi kaurin kunu, a sa da dare, dare ɗaya a tsallake ɗaya, a kwashe ragowar kafin ta yi tsami. Gyare sau ɗaya ko biyu a mako, wanda girmansa bai wuce faɗin tsakanin idanunta ba, a barbaɗa masa garin kalshiyam. Kada a ce za a ƙara bitamin A da ka, yawansa ma cuta ne, yana taruwa a jiki. Na kuma duba hammata da gefen ido da kunne ko akwai ɗige-ɗige ja ko baƙi masu motsi, ƙananan ƙwari masu shan jini, don su ma suna lalata saɓa. Ban ga ko ɗaya ba. Sikelin kicin ya nuna giram 42, ina auna ta duk mako ina rubutawa, saboda rama ita ce alamar farko ta ciwon ciki ko tsutsa.

Bayan mako biyar launinta ya sake yin toka-toka, ta ƙi abinci dare ɗaya, ta shige ƙwaryar kwakwa. Na ƙara feshi ɗaya da rana, ban taɓa ta ba. Washegari da yamma, da ta fito da sabon launi, na sa ta a robar nan ba tishu, na ɗaga sama na haska ta ƙasa. Ta nan ake ganin tafin kowace ƙafa a shimfiɗe a jikin roba ba tare da an riƙe ta ba: yatsu ashirin, ƙarshen jela, kewayen dubura. Yatsa mai tsabta yana baje ne ya manne, layukansa a fili, mai ragowar fata kuwa yana ɗagowa kaɗan yana ƙyalli. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kan na gefen ƙafar dama, kwarmin ya shafe saura ɗan layi. Wannan dubawar cikin awa 24 na farko ake yin ta, lokacin da fatar da ta rage ba ta gama bushewa ba, jiƙo ɗaya kan isa. Na mayar da ita kan reshe, na wanke robar da ruwan zafi, na wanke hannu da sabulu, don masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau, na rubuta ranar a littafin awo.